Biskit Biyu Kafin Tiyata

Laraba, 5 ga wata, 4:20 na yamma

Auta ba ta farka ba. Yau kwana biyu.

Na juya littafina na Labarin Ƙasa ta baya, a nan zan riƙa rubutu, don yanzu a gidanmu babu wanda zan yi wa magana. Mama tana asibiti, Baba yana tsakanin asibiti da shagonsa na kafinta, Kawu kuwa magana yake yi, ba ya jin ta kowa.

Zan rubuta komai a tsare, yadda ake rubuta rahoto a makaranta. Auta ƙanwata ce, shekararta shida. Tana da wani ɗan ƙari a bayan gwiwarta ta hagu. Likita ya ce aikin minti ashirin ne, za a sa ta barci a cire, da yamma mu koma gida. An ba mu takarda, ni na karanta wa Mama, domin ni ce mai karanta takardu a gidanmu: kada ta ci, kada ta sha komai daga tsakar daren Lahadi. An ce mu zo ƙarfe bakwai na safiyar Litinin. Bakwai saura muna kan benci. Ba a kira sunanta ba sai biyu da kwata na rana.

Wajen ƙarfe uku muka ga wata nas ta fito a guje ta koma da wani akwati. Sai wani likita ya wuce mu yana ɗaura abin rufe hanci a kan hanya. Ba wanda ya dube mu. Da la'asar aka ce numfashinta ya tsaya a lokacin da take cikin barcin, an dawo da shi, amma an ɗan jima kafin a dawo da shi.

Ƙarin dai an cire shi.

Na rubuta komai. Kusan komai.

Alhamis, 6 ga wata, 6:40 na safe

Ba ta farka ba.

Asabar, 8 ga wata, 5:00 na yamma

Yau aka bar ni na shiga ɗakin da take. Mutum ɗaya ake bari, minti goma, sai ka sa koriyar riga da hula ka wanke hannu har gwiwar hannu. Akwai bututu a bakinta, an liƙe shi da filasta har kumatunta ya karkace. Na'ura ce take hura ƙirjinta. Kitson da na fara mata ranar Lahadi yana nan rabi, don ta ƙi zama in ƙarasa, ta ce hannuna kamar na mai tsifar buhu.

Nas ta ce in yi mata magana, wai suna ji. Na tsaya har minti goman suka ƙare ban ce komai ba. Idan da gaske tana ji, to ta san wacece a tsaye.

A waje na tarar da Kawu yana yi wa wani mai gadi bayani da ƙarfi. Kawu yayan Mama ne, a ofis yake aiki, ya san mutane. “Yarinya ta shigo da ƙafarta tana tsalle,” in ji shi, “a mayar mana da ita kamar tsumma, sannan a ce mu yi haƙuri? Wallahi sai mun ga ƙarshen wannan matar!” Matar da yake nufi ita ce mai allurar barci. Ya ce ya samo lauya.

Mai gadin bai san komai a kai ba, sai “Allah ya sawwaƙe” yake ta cewa.

Litinin, 10 ga wata, 3:15 na rana

Na koma makaranta. An yi gwajin Lissafi, na ci goma sha tara cikin ashirin. Na ji kunyar makin.

Lokacin tara ban ci komai ba. Ba na son buɗe ƙaramin aljihun jakata.

Talata, 11 ga wata, 6:00 na yamma

Mun je wajen Lauya, ni da Baba da Kawu. Mace ce, ofishinta a saman wani kantin magani, fankarta tana ƙara kamar za ta faɗo. Kawu ya ce a tafi da ni saboda takardu. “Ga Malama Ƙamus nan,” ya ce mata. “Karatu kamar rediyo, amma in kika tambaye ta sunanta sai ta dubi ƙasa.”

Lauya ta karɓo kwafin fayil ɗin Auta daga asibiti. Ta nuna mana wani layi: nauyinta an rubuta kilo ashirin da biyar. Ta tambaya ko an ɗora ta a sikeli ranar. Ba a ɗora ta ba, ina wurin. Wata nas ce ta dube ta daga sama zuwa ƙasa ta rubuta. A katin asibitin unguwarmu na watan jiya, kilo goma sha bakwai ne. Lauya ta ce da nauyi ake auna maganin barci.

Na yi lissafin a gefen takarda. Kusan rabi aka ƙara mata.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, amma daɗi na ji. Ƙanwata tana kwance da bututu a baki, ni kuma na sauko daga benen nan ƙafafuna ba nauyi. Laifinsu ne. Ga shi a rubuce da hannunsu. Ashirin da biyar, goma sha bakwai. Har gida ina maimaitawa.

A mota Baba ya yi magana, karo na farko tun safe. Ya ce, “Ni ba wani abu nake nema a wajensu ba. In na yanka wa mutum katako ba daidai ba, nakan kira shi in ce na yi kuskure. Iyakar abin da nake so su faɗa ke nan.”

Daga nan daɗin ya tafi.

Juma'a, 14 ga wata, 6:30 na safe

Ba ta farka ba. Mama ta ce yatsanta ya motsa. Nas ta ce hakan yana faruwa.

Lahadi, 16 ga wata, 4:45 na yamma

Asibiti sun aiko da amsar ƙorafin Lauya jiya. Mama ta dawo gida yin wanka, Kawu ya zo, aka zauna a tsakar gida, aka miƙo min takardar.

Na karanta da Turanci, sannan na fassara. Sun ce yarinyar ta yi amai tana cikin barcin, aman ya shiga huhunta. Sun ce abin da aka zuƙo ta bututu ya nuna akwai abinci da madara a cikinta. Sun ce iyaye ba su bi umarnin da aka ba su ba.

Kawu ya miƙe tsaye har kujera ta kife. “Madara? Madarar uban wa? Ku ji min ƙarya da rana tsaka! Sun ga an kama su da sikeli, shi ne za su juya a kan ƙanwata!”

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce, “Yaya, wallahi tallahi tun daren Lahadi ko ɗigon ruwa ban ba ta ba. Tana kuka ina kuka.”

Gaskiya ta faɗa. Ita ba ta ba ta ba.

Na ninke takardar daidai yadda take, na mayar cikin ambulan, na shiga banɗaki na kunna famfo.

Litinin, 17 ga wata, 3:30 na rana

Bayan darasin Bayoloji na tsaya har kowa ya fita. Malama tana goge allo. Na ce ina da tambaya a kan wata yarinya da na karanta labarinta. Na ce, in mutum ya ci abu kaɗan, ɗan kaɗan ƙwarai, kafin a sa shi barcin tiyata, yana da illa?

Ta zana min maƙogwaro a allo, hanyar iska da hanyar abinci, da ɗan murfin da ke tsakaninsu. Ta ce idan muna farke murfin yana tsaronmu, ko ruwa ya kuskure hanya sai mu yi tari. A barcin tiyata babu tari. Abin da ya taso daga ciki sai ya gangara huhu.

Na ce, “Ko da kaɗan ne?”

Ta ajiye abin goge allon ta dube ni. “Yaya jikin ƙanwar taki?”

Na ce da sauƙi, na ɗauki jakata.

Talata, 18 ga wata, 5:10 na yamma

Zan rubuta yau. In ban rubuta ba zan haukace.

Ranar tiyatar, ƙarfe ɗaya ta wuce muna kan bencin nan. Auta ta yi kuka tun safe har muryarta ta dushe. Mama ta je ta tambaya sau huɗu, ana ce mata a ƙara haƙuri. Wata mata da ke kusa da mu ta ce, “Ku da kuka zo yau? Mu tun jiya ake ɗaga mu. Yau kam ba za a kai kanku ba.” Da aka kira azahar Mama ta ce in riƙe ta, ta tafi sallah.

Auta ta kwanta a cinyata. Ba ta kuka kuma, ta gaji. Ta ce, “Yaya, cikina yana cizona.” Leɓenta ya bushe har ya tsage.

A jakata akwai abin tarana, biskit da ƙaramin kwalin madara, don na ɗauka daga asibiti zan wuce makaranta. Na ce a raina an riga an ɗaga aikin, matar nan ta faɗa. Na ce a raina biskit ba abinci ba ne. Ni na karanta takardar. Ni na fassara wa Mama “ko ruwa”. Na sani.

Guda biyu ta ci. Madarar ta sha rabi, na shanye sauran don kada a gani. Ta goge bakinta da hannun rigata ta ce, “Yaya, in na girma zan saya miki mota. Amma ni zan tuƙa, ke tsoro gare ki.”

Ba a yi minti arba'in ba aka kira sunanta.

Mai allurar barcin ta fito da kanta. Ta durƙusa ta taɓa kumatun Auta, sannan ta tambayi Mama, “Ta ci wani abu yau? Ko ruwa?” Mama ta ce, “Ko ɗigo.” Matar ta sake tambaya, “Kin tabbata?” Mama ta ce ta tabbata, ta sa hannu a takarda.

Ina tsaye a bayan Mama, jakata a rungume. Auta ta leƙo ni ta toshe bakinta da hannu biyu tana dariya.

Mutane sun cika wurin. Matar tana sauri. Na san in na faɗa za a ce mu koma gida bayan awa bakwai a kan benci, Mama za ta yi min faɗa a gaban kowa, kowa zai juyo ya dube ni. Abin da na ji wa tsoro ke nan, a juyo a dube ni. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai aka tura gadon da aka ɗora Auta a kai.

Laraba, 19 ga wata, 6:35 na safe

Ba ta farka ba. Na ɗauka in na rubuta zan ji sauƙi.

Laraba, 19 ga wata, 6:15 na yamma

Lauya ta kira mu. Ta ce tunda asibiti sun kawo zancen abinci, sai Mama ta yi rantsuwa a rubuce gaban jami'in kotu cewa yarinyar ba ta ci komai ba. Ranar Alhamis ta sama, 27 ga wata, ƙarfe goma. Ta ce da wannan da maganar nauyi, ƙarar ta tsaya da ƙafafunta. Ta ce an dakatar da mai allurar barcin daga aiki, kuma in aka tabbatar zancen madarar ƙirƙira ne, ba za ta sake aikin asibiti ba.

Sai ta juyo gare ni. “Ke ma kina wurin, ko? Kin ga wani ya ba ta wani abu?”

Kafin in ɗago kai Kawu ya yi dariya. “Wannan? Ai ko alli aka ce kar ta taɓa, sai ta shekara ba ta dubi allo ba. Ita ce ma ta karanta musu dokar.”

Lauya ta yi murmushi ta ci gaba da rubutu. Ban yi ƙarya ba. Kullum ba na yin ƙarya, shiru kawai nake yi.

Kwana takwas.

Asabar, 22 ga wata, 4:00 na yamma

Na ga mai allurar barcin.

Ina hawa matakala zuwa ɗakin Auta, tana zaune a kan tudun da ke tsakanin bene na ɗaya da na biyu. Babu farar riga, atamfa ce a jikinta da silifas, ta rame. Da farko ban gane ta ba. Ita ta gane ni.

Ta ce, “Ke ce yayarta.” Na ce eh. Ta ce an hana ta shiga, takan zo ta tambayi nas ɗin da ke aiki. Ta ce tana da 'ya mai shekara bakwai.

Sannan ta ce, “Shekara goma sha huɗu ina wannan aikin. Ranar nan mutum tara na sa barci ni kaɗai. Ban duba nauyin ba, na karɓi abin da aka rubuta. Wannan laifin nawa ne, zan faɗa ko a gaban wa. Amma madarar na gan ta da idona. Ban ƙirƙira ba.”

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta matsa gefe don in wuce. Na wuce.

Ita ta ce “wannan laifin nawa ne” a kan matakala, ga yarinyar da ba ta ma san sunanta ba.

Litinin, 24 ga wata, 3:20 na rana

In na faɗa: ƙarar za ta lalace. Kawu zai gaya wa dangi duka. Baba ba zai ce komai ba, wannan ya fi duka ciwo. Mama ba za ta ƙara dubana ba.

In ban faɗa ba: Mama za ta rantse da Allah a kan abin da ba haka yake ba, ba ta sani ba, ni na sani. Matar nan za ta rasa aikinta a kan ƙaryar da ba ta yi ba.

In Auta ta farka za ta faɗa da kanta, ba ta iya riƙe magana. Jiya na kama kaina ina tunanin wannan, ina jin tsoro. Tsoron farkawar ƙanwata. Ya Allah, wace irin yarinya ce ni?

Talata, 25 ga wata, 6:30 na safe

Ba ta farka ba. Allah ka tashe ta. Ka tashe ta ta faɗa, na yarda.

Laraba, 26 ga wata, 5:40 na yamma

Na je shagon Baba da niyyar faɗa masa. Yana goge ƙafar tebur, ya daɗe a wuri ɗaya har katakon ya fara ramewa. Ya ce, “'Yar Baba, lafiya?” Na ce Mama ce ta ce in tambaya ko zai biya asibiti. Ya ce zai biya. Ya ciro min kujera, ya kakkaɓe ta da hularsa.

Na zauna minti ashirin na tashi.

Gobe ne.

Alhamis, 27 ga wata, 4:30 na yamma

Mama ta dawo gida da sassafe ta yi wanka. Tana ɗaura ɗankwali gaban madubi ta ce, “Ɗauko takardar rantsuwar nan ki sake karanta min, kar in je in yi ta in'ina a gaban mutane.”

Na karanta layi na ɗaya, sunanta. Na biyu, cewa ita ce mahaifiyar. Na uku, ranar da lokacin. Na huɗu ya ce yarinyar ba ta ci ba, ba ta sha ba, kuma tana gaban idonta tun safe har aka shiga da ita.

Na tsaya.

“Ci gaba mana, za mu makara.”

Na ce, “Mama, kin je sallah.”

Ta dube ni ta cikin madubin. Ban iya ɗaga murya ba, sai da ta ce, “Me kika ce?” na sake faɗa. Biskit biyu. Rabin madara. Ni.

Ba ta mare ni ba. Na so ta mare ni. Ta zauna a bakin gado, ɗankwalin ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Ta ce, “Kina bayana lokacin da matar ta tambaye ni.” Na ce eh. “Sau biyu ta tambaya.” Na ce eh. “Kwana ashirin da huɗu kina zuba min ruwan wanka.”

Kawu ya yi hon a waje. Ta miƙe ta ce, “Sa hijabinki. Da bakinki za ki faɗa.”

A ofishin Lauya na faɗa gaban Baba da Kawu. Duk suka juyo suka dube ni. Ban mutu ba, na kai har ƙarshe. Kawu ya ce, “Kin kashe mu! Kin kashe ƙanwarki, kin kashe ƙarar!” Sannan ya rage murya ya ce wa Lauya ai yarinya ce, ba wanda ya ji sai mu, a bar takardar yadda take. Mama ta ce, “Yaya, hannuna ne zai hau kanta, ba naka ba.” Lauya ta ja layi a kan na huɗu. Ta ce maganar nauyi tana nan, da awa bakwai da aka bar yarinya da yunwa, za a ci gaba, amma kada mu sa rai kamar da. Ta ce dole ta sanar da asibiti zancen madarar gaskiya ne. Ta ce babu likitan da zai iya raba mana wanne ne ya yi, maganin ko madarar.

Baba bai ce komai ba. Da za mu sauko benen ya tsaya ya bar ni na wuce gaba, kamar baƙuwa.

Asabar, 29 ga wata, 8:10 na safe

Jiya ba wanda ya yi min magana.

Yau ina wanke kofuna Mama ta shigo kicin da filas ɗin da take tafiya da shi asibiti. Ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Da ta ci, ta daina kukan?”

Na ce ta daina. Na ce har dariya ta yi.

Ta daɗe tana murɗa murfin filas ɗin. Ta ce, “Akwai ruwa a jakata ranar. Sau uku na sa hannu na ciro robar, na mayar.”

Na fara cewa, “Mama, don Allah ki…”

Ta ce, “A'a. Kar ki roƙe ni yanzu. Ban kai wurin ba tukuna.”

Na ce to.

Ta miƙo min filas ɗin. Na wanke, na cika mata shi da ruwan zafi.